Yadda Ake Neman Maƙala a Rumbunan Bincike: Jagora ga Mai Nazari a Damagaram

Ɗalibin da ya koma wurin malaminsa ya ce, "Malam, na duba ko'ina, babu wanda ya taɓa yin rubutu a kan wannan batu," yawanci ba ƙarya yake yi ba, iyakar abin da ya gani ke nan. In an bi sawunsa sai a tarar ya buɗe Google a wayarsa, ya zuba taken kundinsa gaba ɗaya tun daga kalmar farko har zuwa "cas de la région de Zinder", ya leƙa shafi ɗaya ko biyu, rezo ya yi nauyi ko mega ta ƙare, ya rufe. Na sha zama da masu shirin kundin lisansi ko na masta a nan Damagaram a kan wannan matsala, kuma kusan kullum abin da ya tare musu hanya guda ne: sun ɗauka rumbun bincike, wato taskar maƙaloli da ake nema a cikinta ta intanet, yana fahimtar magana kamar yadda mutum yake fahimta. Shi kuwa rumbu haruffa yake gwadawa. Abin da ka rubuta shi yake dubawa a cikin take da tsakure da jikin rubutu, in ya dace ya miƙo maka, in bai dace ba ya yi shiru, ko da maƙalar da za ta raya kundinka tana nan kwance a cikinsa da wani suna dabam.

Wannan ya fi shafar mu fiye da mai nazari a Faransa ko Ingila, domin abin da aka rubuta a kan ƙasarmu ya warwatsu cikin Faransanci da Ingilishi, da ɗan abin da ke cikin Jamusanci da Larabci da Hausa, kuma kowane baƙon marubuci ya rubuta sunayenmu yadda kunnensa ya jiye masa. Saboda haka rabin aikin nema a kan takarda ake yin sa, tun ba a kunna kwamfuta ba, abin da kuma yake rage wa mutum asarar mega da ta caji.

Aikin da ake yi a kan takarda

Ka fara da rubuta tambayarka cikin jimla ɗaya, sannan ka zare ginshiƙanta. Mu ɗauki misalin mai nazarin yadda manoman Magariya da Matamaye da Mirya suke barin gawo ya tsiro a gonakinsu suna renon sa. Ginshiƙai uku ne a nan: itacen, da aikin da ake yi masa, da wurin da ake yi. Sauran kalmomin da aka ƙawata take da su, irin su analyse da impact da problématique da étude, ka zubar da su, domin babu fannin da ba a samun su a ciki, ba sa rarrabe komai. Ka tsaga takarda gida uku, kowane ginshiƙi da gidansa, ka jera duk sunayen da marubuci zai iya kiran abin da su.

A gidan itace za ka sa Faidherbia albida, wanda shi ne sunan gawo a kimiyyance a yau. Amma an daɗe ana kiran sa Acacia albida, kuma ko da yake tun 1934 masanin tsirrai Auguste Chevalier ya ware shi ya ba shi sabon suna, marubuta da yawa sun ci gaba da amfani da tsohon har shekaru masu yawa bayan haka. Wanda ya nemi sabon suna kaɗai ya yi bankwana da tsofaffin rahotannin gandun daji, alhali a cikinsu ne ake ganin yadda gonakin suke kafin farin shekarun 1970 da 1980. A Faransancin Nijar kuma gao ake rubutawa, kuma a nan akwai rami. Wata ɗaliba ta taɓa nuna mini allon wayarta ranta a ɓace, ta rubuta gao da Niger, abin da ya fito mata daga sama har ƙasa labarin birnin Gao ne na ƙasar Mali, da daular Songhai, da kogin Neja da ya ratsa ta can. Muna musanya kalmar da sunan kimiyya, sai ga gonakin Magariya sun bayyana a shafin farko.

Gidan aiki ma yana da nasa ramin. Abin da manoma suke kira sassaben zamani, Faransanci yana ce masa régénération naturelle assistée ko défrichement amélioré, Ingilishi kuma farmer managed natural regeneration. Ma'aikatan gona a nan sun saba taƙaita shi su ce RNA, amma ranar da ka rubuta waɗannan haruffa uku a rumbun Ingilishi za ka nutse cikin maƙalolin ƙwayoyin halitta, domin a can RNA sunan wani sinadari ne na cikin tantanin jiki. Dokar da za ka riƙe ita ce, taƙaitaccen suna ba ya tafiya shi kaɗai, sai tare da cikakkensa.

Gidan wuri shi ya fi bukatar haƙuri. Zinder dai ana samun ta a haka a mafi yawan rubuce-rubuce, amma masu tarihi sun fi son Damagaram, akwai masu rubuta Damagarim, tsofaffin littattafan Jamusanci kuma, tun zamanin da Heinrich Barth ya sauka a garin a ƙarshen 1852, suna da Sinder. Mirya tana fitowa a Mirriah da Mirria da Myrria. Gure ita ce Gouré, Tanut ita ce Tanout, Damargu tana zuwa a Damergou ko Damergu, Tasawa kuma Tessaoua. Borno, wadda ba a rabuwa da ita in ana zancen sarautar Damagaram, Bornou ce ga Bafaranshe, Bornu ga tsohon marubucin Ingilishi. Mu kanmu Hausa ne a wani wuri, Haoussa a wani, Haussa ko Hawsa a wani. Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya gina ganuwar Birni ya kuma rasu a 1884, za ka same shi a Tanimoune da Tanimoun da Tanimun da Ténimoun. Mai nazarin zamanin mulkin mallaka kuma ya tuna cewa sunan hukumar da kanta ya yi ta canzawa: an fara da Troisième Territoire militaire a 1900, aka koma Territoire militaire du Niger, kafin ta zama Colonie du Niger a 1922, kuma Zinder ce babban birni daga 1911 har zuwa 1926 da aka mayar da shi Yamai. Takardun wancan lokaci sau da yawa da cercle de Zinder suke magana.

Sai kuma haruffanmu masu lanƙwasa. Kalmar da ke da ɓ ko ɗ ko ƙ ka neme ta sau biyu, da lanƙwasa da kuma babu, saboda wani rumbun yana ɗaukar ƙ da k abu ɗaya, wani yana raba su, kuma marubuta da yawa ba su da waɗannan haruffa a na'urarsu tun farko. Haka ma ƴ da ake rubutawa a Nijar, a Najeriya 'y ake sawa.

Haɗa kalmomin

In takarda ta cika, sai haɗi. Kalmomi uku ne suke wannan aiki, waɗanda aka samo daga lissafin George Boole, masanin Ingila da ya rasu a 1864: AND da OR da NOT. Wasu rumbunan Faransa suna nuna su da ET da OU da SAUF. Ka riƙa rubuta su da manyan haruffa, domin rumbuna da dama ba sa gane su in ba haka ba. OR tana faɗaɗa nema, ita ake sawa tsakanin sunayen da ke gida ɗaya a takardarka. AND tana ƙuntatawa, ita ake sawa tsakanin gida da gida. Kowane gida kuma a rufe shi da baka biyu, don kada na'ura ta cakuɗa na wannan da na wancan. Misalinmu zai fito kamar haka:

("Faidherbia albida" OR "Acacia albida") AND ("régénération naturelle assistée" OR "défrichement amélioré" OR agroforesterie) AND (Zinder OR Magaria OR Matameye OR Mirriah)

In za ka shiga rumbun Ingilishi, gidan tsakiya kaɗai za ka sake wa harshe, sauran biyun suna nan yadda suke. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne sa AND inda OR ta kamata, su rubuta Magaria AND Matameye AND Mirriah da nufin su sami duk ukun, alhali abin da suka ce wa na'ura shi ne kada ta kawo komai sai rubutun da ya ambaci garuruwan uku a tare.

Alamar zance da ka gani a kan wasu kalmomin tana tilasta wa rumbu ya neme su a jere yadda ka rubuta. In babu ita, zai kawo maka duk rubutun da régénération take a shafi na 2, naturelle kuma a shafi na 40. Alamar tauraro kuwa tana yanke wutsiyar kalma ta bar tushe, ta yadda agroforest* za ta kamo agroforesterie da agroforestier da agroforestry a jifa ɗaya, wato harsuna biyu ke nan a lokaci guda. Sai dai a yi hattara da inda ake yankewa. Wanda yake neman gero ya rubuta mil* zai kwaso militaire da milieu da million, ya rasa inda geronsa ya shiga. Gara ya rubuta mil da millet da Pennisetum glaucum kowanne a cike, ya ƙara da Cenchrus americanus, sunan da wasu sababbin maƙaloli suke amfani da shi.

NOT ita ce mai haɗari, kuma ɗan Nijar ya fi kowa jarabtuwa da ita. Sunan ƙasarmu a rumbunan bincike yana da abokan tarayya da yawa: kogin Neja, da yankin Neja Delta, da jihar Neja ta Najeriya, har da wani naman gwari mai suna Aspergillus niger da ya cika mujallun likitanci da na kimiyyar abinci. In kuma ka yi kuskuren sa tauraro ka rubuta Niger*, to ka gayyato Najeriya gaba ɗayanta. Abin da zuciya take raya wa mutum shi ne ya rubuta Niger NOT Nigeria ya huta. Ni ban ba da wannan shawara ba. NOT tana jefar da duk rubutun da kalmar ta fito a cikinsa ko da sau ɗaya ne, kuma da wuya a yi kyakkyawan nazari a kan kasuwancin Damagaram, ko kiwonta, ko cututtukan da ke yawo a cikinta, ba a ambaci Kano ko Daura ko Maigatari ba. Mai yin haka ya zubar da tsaba tare da ƙaiƙayi. Abin da ya fi shi ne ka ƙarfafa gidan wuri da sunayen da babu mai su sai mu, Zinder da Maradi da Tahoua da Diffa da Niamey, ko "République du Niger" a cikin alamar zance. A ajiye NOT don abin da aka tabbata ba shi da wata alaƙa da batun, kamar naman gwarin nan.

Kowane rumbu da halinsa

Google Scholar, wanda aka buɗe a 2004, shi ne ƙofar da kowa ya sani, kuma ba laifi a fara da shi don a ga faɗin fili. Amma a san iyakarsa: ba ya aiki da tauraron yanke kalma, akwatinsa ba ya ɗaukar dogon haɗi sosai, alamar debewa yake amfani da ita a madadin NOT, kuma komai yawan adadin da ya ce ya samu, ba zai nuna maka fiye da 1000 ba. Dabara mai amfani a cikinsa ita ce rubuta intitle:Zinder, wadda take kawo rubutun da sunan garin yake cikin takensa kawai, ta raba ka da dubban da suka ambace shi a wucewa.

Mai tarihi ko nazarin al'umma ko labarin ƙasa, gidansa na farko Persée ne. Kyauta ne ɗungurungum, kuma a nan tsofaffin fitowar manyan mujallun Faransa masu nazarin Afirka suke, wasu tun daga shekarun 1930. Sababbin fitowa sukan kasance a OpenEdition ko a Cairn, sai dai a Cairn wani abin a buɗe yake, wani sai da kuɗi. Gallica, taskar babban ɗakin karatun ƙasar Faransa, ita ke da littattafan matafiya da rahotannin sojoji, irin na ayarin Foureau da Lamy da ya iso Zinder a 1899, da na ayarin Tilho da ya yi aikin shata iyaka tsakanin 1906 da 1909. Abin lura game da ita shi ne, na'ura ce ta karanta tsofaffin shafukan ta mayar da su rubutun da ake iya nema, kuma takan yi tuntuɓe a kan tawadar da ta dushe, har Zinder ta koma wata kalma dabam. In nema bai kawo komai ba a littafin da ka san ya yi zancen garin, ka buɗe jerin babobinsa ka bi da ido. Horizon, rumbun cibiyar binciken Faransa ta IRD wadda a da ake kira ORSTOM, taska ce ga mai nazarin ƙasa da ruwa da ruwan sama, kuma mai bin tarihin ƙarancin ruwan sha a garin nan ya nemi Gogo da Machaya da Aroungouza a can. Kundayen digirin dakta da aka kare a Faransa tun daga 1985 suna cikin theses.fr, cikakken rubutun da yawa daga cikinsu kuma yana HAL, taskar da masana a Faransa suke ajiye rubuce-rubucensu a buɗe. Kada a raina kundin dakta: ko ba ka karanta shi duka ba, jerin manazartarsa kaɗai aikin shekaru ne da wani ya yi maka.

A ɓangaren Ingilishi akwai JSTOR, wanda ke barin duk mai rajista ta kansa ya karanta har maƙala 100 a wata a kan allo ba tare da biya ba. Tun da yawancin maƙalolinsa ba su da tsakure, nema a cikin tsakure kaɗai yana ɓoye abu mai yawa, gara a nema a take ko a cikakken rubutu. AJOL yana tattara mujallun da ake bugawa a Afirka, ciki har da na jami'o'in arewacin Najeriya, waɗanda ke nazarin ƙasa da amfanin gona irin namu. Mai aikin gona yana da AGRIS na hukumar FAO, mai aikin lafiya kuma PubMed.

Akwai kuma ƙofar da ɗalibai da yawa ba su san da ita ba. Shirin Research4Life, wanda ya fara da Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2002, aka ƙara AGORA na aikin gona a 2003, sannan OARE da ARDI da GOALI, yana buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi dubban mujallun da ake sayarwa da tsada, kuma Nijar tana cikin rukunin da ke samu kyauta. Ba mutum ɗaya ake yi wa rajista ba, cibiya ake yi wa, jami'a ko asibitin koyarwa ko cibiyar bincike. Saboda haka ɗalibin Jami'ar André Salifou, ko ma'aikacin wata cibiya, ya je wurin mai kula da ɗakin karatu ya tambaye shi kai tsaye ko suna da mabuɗin shiga. Matambayi ba ya ɓata.

Kalmomin da rumbu ya zaɓa wa kansa

Manyan rumbuna suna da ƙamus nasu na batutuwa, inda aka tsayar wa kowane batu suna ɗaya tak, ake liƙa shi a kan duk maƙalar da ta yi zancensa ko da wace kalma marubucin ya yi amfani. Na PubMed ana ce masa MeSH, na aikin gona AGROVOC, na ɗakunan karatun Faransa kuma RAMEAU. Amfaninsa a fili yake ga mai fama da matsalar da muka ambata: in ka rubuta Niger[mh] a PubMed, wato ya nema a cikin sunayen MeSH, ƙasar Nijar kaɗai zai kawo, babu kogi babu naman gwari. Amma tun da ba kowace maƙala aka liƙa wa waɗannan sunaye ba, ka haɗa shi da Zinder[tiab] ta hanyar OR, wato ya duba take da tsakure ma. Wanda Ingilishinsa bai yi ƙarfi ba ya nemi fassarar MeSH ta Faransanci da cibiyar Inserm take kula da ita, ya rubuta paludisme ya ga abin da ake ce masa a can. Hanya mafi sauƙi ta koyon wannan ƙamus ita ce, duk lokacin da ka sami maƙala ɗaya da ta dace da bukatarka sarai, ka gangara ƙasan shafinta ka kwafe sunayen da aka liƙa mata, ka mayar da su cikin nemanka.

A nan ne ya kamata in ja kunnen mai son jefa kalmar Hausa a rumbun likitanci. Noma a wurinmu aikin gona ne, amma a PubMed sunan wata muguwar cuta ce da ke cin baki da fuskar ƙananan yara masu fama da tamowa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a watan Disamba na 2023. An yi nazarinta a yankin Zinder, don haka mai rubuta noma da Zinder zai sami amsa, sai dai ba ta gona ba.

In abin ya yi yawa, in kuma ya yi kaɗan

Nema na farko gwaji ne, ba a sa ran ya dace. In sakamako ya yi yawa, ka ƙara ginshiƙi ɗaya da AND, ko ka tsare babbar kalmarka a cikin take, ko ka iyakance shekaru. In ya yi kaɗan, gidan wuri za ka fara sassautawa: daga Matamaye ka hau zuwa Zinder, daga Zinder zuwa Niger, daga nan zuwa Sahel ko Afrique de l'Ouest. Ɗalibai sukan ƙi wannan, suna ganin abin da ba a yi a garinsu ba bai shafe su ba. Kuskure ne. Nazarin da aka yi a Maraɗi ko Jigawa ko arewacin Burkina Faso a kan batu irin naka shi zai ba ka hanyar aiki da abin kwatantawa, rashin wanda aka yi a garinka kuwa shi ne hujjar kundinka. Ka riƙa canza abu ɗaya a kowane gwaji, don ka san abin da ya kawo bambanci. Tace harshe kuma a yi shi a ƙarshe ko ma a bar shi, saboda masana 'yan Nijar da yawa a fannin gona da lafiya da Ingilishi suke bugawa.

Da zarar ka riƙe maƙala biyu ko uku masu kyau, akwai hanyar da ta fi kowane haɗin kalmomi, wato bin dangi. Ka duba manazartar da ke ƙarshen maƙalar, su ne iyayenta, za su kai ka baya. Sannan ka sa takenta a Google Scholar ka danna "Cité par" da ke ƙarƙashinta, waɗannan su ne 'ya'yanta, waɗanda suka zo bayanta suka kafa hujja da ita ko suka yi mata gyara. Sunan da ka ga yana ta maimaituwa a manazarta dabam-dabam, ka neme shi a gidan marubuci ka ga sauran ayyukansa, kana tuna cewa sunayenmu ma suna juyawa a hannun rumbuna: Mahamane da Mahaman da Mamane, ko a ɗauki sunan uba a mayar da shi na yanka. In ka kai inda kowace sabuwar hanya take dawo da kai kan rubuce-rubucen da ka riga ka gani, to ka kusa kewaye filin.

Samun cikakken rubutu da adana shi

In maƙala ta nemi kuɗi, kada ka yi saurin haƙura. A Google Scholar ka danna inda aka nuna sauran nau'o'inta, sau da yawa marubucin ya ajiye kwafi a HAL ko a taskar jami'arsa. Ƙaramar manhajar Unpaywall tana yin wannan dubawa da kanta in an ɗora ta a kan kwamfuta. In duk bai yiwu ba, ka rubuta wa marubucin gajeriyar wasiƙa cikin ladabi, ka faɗi ko kai wane ne da abin da kake nazari. Masana da yawa suna jin daɗin a ce ɗalibi daga wurin da suka yi aiki yana neman rubutunsu. Game da manhajojin hira masu ƙirƙirarriyar basira, suna iya taimaka maka wajen tattara sunaye da fassara su, amma sukan ƙaga maƙalar da babu ita, da take da marubuci da shekara kamar gaske. Duk abin da suka ba ka, sai ka gan shi da idonka a rumbu kafin ya shiga kundinka. Mujallar da ba ka san ta ba kuma, ka duba ko tana cikin DOAJ, jerin mujallun kyauta da aka tantance, domin akwai masu buga duk abin da aka biya su ba tare da wani masani ya duba ba.

Ranar da rezo ya yi kyau kuma akwai wuta, saukewa ake yi, karatu sai daga baya. Kowane fayil ka sake masa suna nan take da sunan marubuci da shekara da kalma biyu daga take, in ba haka ba bayan wata guda za ka tarar da tarin fayiloli masu lambobi da ba ka san na mene ne ba. Manhajar Zotero kyauta ce, tana kwashe bayanan maƙala da dannawa ɗaya, tana aiki ko babu intanet, kuma ita za ta jera maka manazarta a ƙarshe bisa tsarin da sashenku yake so. Ka kuma ware 'yan shafuka a littafinka na rubutu, inda za ka riƙa sa kwanan wata, da sunan rumbu, da haɗin kalmomin da ka yi amfani da shi harafi da harafi, da adadin abin da ya fito. Ranar kare kundi, in wani malami ya ce, "Ta yaya ka san ba a yi wannan aiki ba?" waɗannan shafuka za ka buɗe masa.

Duk da haka, akwai abin da babu haɗin kalmomin da zai fito da shi, domin bai taɓa shiga na'ura ba. Kundayen ɗaliban da suka gabace ka da yawa suna kan kanta a ɗakin karatun sashenku, a takarda. Rahotannin ma'aikatun gona da na ruwa da na lafiya na jiha suna cikin kabad a ofisoshinsu, sai an je da takardar gabatarwa daga jami'a. Takardun mulkin mallaka suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Yamai, wasu a Dakar, wasu a Aix-en-Provence ta Faransa, rubuce-rubucen Larabci da ajami kuma akwai tarinsu a cibiyar binciken al'umma da tarihi ta IRSH a Yamai, ban da waɗanda ke hannun malamai a zaurukan Birni da Zango. In za ka je ɗaya daga cikin waɗannan wurare, ka tafi da takardar nan taka mai gida uku, domin mai kula da kabad ɗin ma zai tambaye ka da wane suna aka ajiye abin.